Lallen da Inna ta ƙunsa mini

Siminti yana cin hannu. Ba da zafi yake yi ba, a hankali yake lasar fatar kamar akuya ta samu gishiri, har wata rana ka duba kan yatsunka ka ga sun yi sumul kamar bayan cokali. Ni ban ma san Allah Ya yi mini wani zane a yatsa da zai yi amfani ba, sai ranar da aka ce babu shi.

Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta, shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Aljihun babanmu dama a tsuke aka ɗinka shi. Abin da na fita da shi bai wuce karanta allon mota da takardar asibiti ba, sai ɗan Turancin da ya isa in gane ana zagina amma bai isa in rama ba. Daga nan na shiga buga bulo a bayan tashar Gwarzo, kuma a can na tsufa tun ban tsufa ba. Da aka zo ƙaddamar da shari'a har da ni a cikin masu kabbara, muryata sai da ta dishe. Na ɗauka komai zai gyaru. An rufe gidajen giya, an gyara wa mata zama a mota na ɗan lokaci, amma buhun siminti bai ji wa'azi ba, kullum gaba yake yi. Masu gini suka ja baya. Sai ka wuni a gindin bulo kana korar awaki, babu wanda ya zo ko taya.

Ina da ƙanwa ɗaya a Jidda. Ta bi mijinta umara tun tana da goyon fari, suka maƙale a can. Babanmu ya rasu ba ta zo ba, don a lokacin ba su da takarda, in sun fito ba komawa. Daga baya mijin ya samu takarda, ya samu gindin zama. Wata rana mai wayar kuɗi na bakin kasuwa ya aiko a kira ni, na je na tsaya a ƙarƙashin lemarsa, mijin ƙanwata ya ce wani Balarabe mai sayar da kayan gini yana neman wanda zai tsare masa sito, kuma ya yi mini magana. Sharaɗi ɗaya ne: in iso kafin azumi. In azumi ya kama ban zo ba, Balaraben zai ɗauki wani, don lokacin ne yake tafiya garinsu ya bar sito.

Na dawo gida na faɗa a tsakar gida, ina kallon matata, amma don Inna nake faɗa. Ni ɗan fari ne. Inna mutuniyar Garo ce, cikin Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba har ta koma ga Allah. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole. Tun da babanmu ya rasu na ɗauko ta muke gida ɗaya, amma in tana son in gyara mata danga, matata za ta ce wa, “Ke, gaya wa mijinki dangar nan ta kwanta,” alhali ina zaune a gabanta. Ranar da na faɗi maganar Jidda tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa faifan, “Allah Ya sa alheri.” Shi ke nan.

Mai yi wa mutane hanyar fasfo da biza a yankinmu wani Alhaji ne a Kabo, mai haƙorin Makka da shago mai fanka. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Mutum ne da yake fara dariya kafin ka gama magana, kuma in yana rantsuwa ba ya kallonka, fankar yake kallo. Amma ba ni da wani. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya cike abin da ya cike, ya ce yanzu fasfo ba irin na da ba ne da za a kai hotonka a manna. Sabon tsari an kawo, sai mutum ya je da ƙafarsa birni, a ɗauki hotonsa da yatsunsa a na'ura. Ya ba ni rana.

A shagon nan akwai wani saurayi dogo, ƙanin matar Alhajin, kullum yana zaune a benci yana kaɗa ƙafa. Ina fita ya bi ni da tambaya, wai Jidda akwai zafi kamar nan? Wai aikin siton da wuya? Na ce masa ban je ba tukuna, in na je zan aiko masa da zafin a leda. Amma tambayar ta tsaya mini a rai. Wa ya gaya masa sito ne?

Ranar na sa farar shaddata ta sallah da hula, na hau hayis daga Gwarzo, muka sauka Kabuga, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Ofishin cike yake. An jera mu a benci a ƙarƙashin rumfar kwano, maza gefe, mata gefe. Kusa da ni wani dattijo ne daga Madadi, za shi ganin ɗansa, yana ta juya hannunsa yana kallo.

Ya ce, “Mu a zamaninmu ɓarawo kaɗai ake ɗaukar wa yatsu.”

Wani daga baya ya ce, “Baba, yanzu ai kowa ɓarawo ne sai na'ura ta wanke shi.”

Wani matashi mai ɗangalallen wando ya juyo ya ce mu daina wasa da maganar. Wai yatsun nan ba a nan suke tsayawa ba, ta waya ake tura su ƙasar Turawa, su ajiye, duk inda Musulmi ya dafa a duniya sun san shi ne. Dattijon ya ce, “To kai me ka zo yi, Malam?” Ya ce shi lalura ce ta kawo shi. Dattijon ya ce, “Mu kuma rawa muka zo.” Aka yi dariya. Ni na ce su tura, in Turawa sun ga abin sata a jikina mu raba biyu. Amma a cikina ban ji daɗi ba. Ni abin da na sani game da dangwale shi ne, duk inda aka ce talaka ya dangwala, wani abu zai bar hannunsa: ko ƙuri'a, ko gona.

Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, aka sake jira. Da layi ya zo kaina rana ta yi tsaka. Ɗaki ne mai sanyi, da wani ma'aikaci matashi cikin kaki a gaban kwamfuta. Ya ce in cire hula. Na ce a kan me? Ya ce haka tsarin yake. Na cire, na riƙe ta a cinya, na zauna da sanƙona a waje kamar wanda aka kamo. Ya ce in ɗago haɓa, kar in yi murmushi. Na ce dama ban zo da shi ba. Wuta ta haska, hoto ya fito a kwamfuta, na leƙa na ga wani mutum da ko ni ba zan ba shi ajiyar sito ba.

Sai yatsu. Wani ɗan akwati ne mai gilas a sama, da koren haske a ciki. Ya ce in ɗora. Na ɗora. Ya ce in danna. Na danna. Ya goge gilas ɗin da tsumma ya ce in sake. Ya ce in goga yatsan a goshina, in sake ɗorawa. Na goga a goshi, na goga a gefen hanci, na hura masa iska, har ya taso da kansa ya kama yatsana ya danna kamar mai yi wa jariri kaciya. A kwamfuta babu komai sai wani farin dusu-dusu kamar an ɗora ƙwai.

Ya juya tafin hannuna ya duba. Ya ce, “Baba, wace sana'a kake yi?”

A lokacin ban kai arba'in ba, amma na bar shi da Babansa. Na ce, “Bulo.”

Ya ce, “Shi ne. Siminti ya cinye zanen. Na'ura ba ta ganin komai.”

Na gane inda aka dosa, ko na ɗauka na gane. Na sa hannu a aljihu a hankali, na ce ai ba za a rasa na goro ba. Ya ce, “Ba ni ba ne, Baba, na'ura ce. Ita ba ta cin goro.” Ya ce in bar taɓa siminti, in riƙa shafa mai, zanen yana dawowa in an bar shi ya huta. Ya rubuta mini wata rana, da ɗan sauran lokaci kafin azumi, ya ce in na dace a ranar komai zai fito a kan kari.

A mota ina dawowa na yi ta juya maganar. Ma'aikacin da ya ƙi goro, a sanina, wani ne ya riga ka ba shi abin da ya fi goro. Na tuna dogon saurayin nan na Kabo da tambayarsa. Na ce wato Alhaji ya shirya da yaron ofis a ce yatsuna ba su fito ba, lokaci ya ƙure, ya tura ƙanin matarsa a gurbina. Da muka iso Kabo sai da na sauka na je shagon. Alhaji ya fara dariya tun ban gama ba, ya ce wannan ai kullum ana yi, manoma da masu wanki da birkiloli duk haka suke fama. Ya rantse yana kallon fanka.

Ban tsaya a kansa ba. Na tuna wani abokin sana'ata da ya riƙe hannuna ya daɗe a ƙofar masallaci ranar Juma'ar da ta wuce, yana ta cewa a yi mana addu'a in an je. Me ya shafa mini? Na tuna mai shayin da ya miƙo mini kofi da hannun hagu. Mutum in zai fita daga talauci, waɗanda zai bari a ciki ba sa barci. Na daina gaisawa da hannu, sai in ɗaga daga nesa in ce mura nake yi. Na daina cin abincin waje. Na je wurin wani malami a Sabon Birni ya ba ni rubutu, rabi in sha rabi in wanke hannu.

Bulo kuwa na bar shi. Wannan shi ne mafi wuya, don gidan da bulo yake ci. Matata ta koma yin ƙosai da safe, Inna ta sayar da tunkiyarta ba ta gaya wa kowa ba, sai turken na gani babu komai. Ni kuma ina zaune a majalisa da hannu sharkaf da man kaɗanya, na ɗora su a gwiwa, tafin yana kallon sama kamar mai roƙon ruwa. 'Yan majalisa suka samu abin yi.

“A matsa wa amarya, kar a taɓa mata hannu.”

“Alhaji na Jidda, in ɓare maka gyaɗar ko za ka iya?”

“Ku bar shi, hannun nan yanzu na Larabawa ne, aro muke gani.”

Ina jin su, ina kuma lura da wanda dariyarsa ta fi ta kowa tsawo.

Kullum da safe sai in fita rana in duba yatsuna. Kantar ta fara laushi, amma fatar ta shiga tsagewa a gefe, tana ɓarewa kamar bawon rogo. Zanen kuwa in na karkata hannun sai in ga kamar yana nan, in na miƙe shi sai ya ɓace. Ranar komawa tana matsowa, hankalina yana tashi.

Ana saura 'yan kwanaki, da la'asar, na shigo gida na tarar Inna tana kwaɓa lalle a ƙwarya. Ita ta daka ganyen da kanta, ta tankaɗe. Ta ce wa matata, “Ke, gaya masa ya zo ya zauna.” Na ɗauka wani aike ne. Na tsuguna daga nesa yadda na saba. Ta ce wa ƙwaryar, “Hannun da ya tsage ba mai yake so ba. Baffana da lalle yake maganin faso da kaushi, har ya mutu ƙafarsa kamar ta yaro.”

Wannan gaskiya ne, kowa ya sani. Tsofaffinmu maza suna sa lalle a ƙafa in ta yi faso, yana haɗe tsaga, yana sanyaya fata. Ban ga komai a ciki ba. Na zaci matata za ta miƙa wa ƙwaryar. Sai ta miƙo hannu ta kama nawa.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Tun da na yi wayo hannun Inna bai taɓa jikina ba. Ko da na karye a ƙafa ina yaro, kakata ce ta yi jinyata, ita tana daga bakin ƙofa tana tambayar bango ko an ci abinci. Ga shi yau, da furfura a gemuna, ta riƙe hannuna a cinyarta tana ɗora lalle yatsa bayan yatsa, tana dannawa da babban yatsanta, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Hannunta ya fi nawa kaushi. Ta naɗe da ganye, ta ɗaure da tsumma, ta ɗauko tsohon zungurunta na aure ta zura mini a dama, hagu kuma aka sa leda. Matata ta shige ɗaki tana dariya a cikin mayafi. Ni da na hana duk Gwarzo hannuna, na miƙa mata shi. A wannan lokacin ko wuta ta ce in sa hannun a ciki zan sa.

Da safe aka kwance, ya yi ja kamar gauta. Fatar ta yi laushi, tsagar ta haɗe. Na fita rana na duba, wallahi ga zane nan siri-siri yana zagaye. Na ji kamar in yi kuka. Inna ta leƙo daga nesa, ta ce wa matata, “Bai kama ba. A sake.” Da yamma ta sake ƙunsawa, wannan karon bayan an kwance ta shafa gishirin lalle, irin wanda mata ke sawa in suna son ƙunshi ya yi baƙi. Ya ɗan yi mini zafi. Kafin azahar yatsuna goma sun koma baƙi ƙirin kamar na amaryar da za a kai yau. Na zura su a aljihu na bi ta bayan gari don kar 'yan majalisa su gani.

Haka na koma birni. Layin dai shi ne, rumfar ita ce. Yaron nan mai kaki ya gane ni, ya ce, “Baba mai bulo, an huta?” Na ce an huta. Na zaro hannu na ɗora a gilas da ƙarfin gwiwa.

Ya kalli hannun. Dariya ta taso masa, ya danne ta. Ya ce, “Biki aka yi?”

Na ce magani ne.

Ya gwada. Ya goge gilas ya sake gwadawa, yatsa bayan yatsa har goma. Wancan karon fari na gani a kwamfuta, wannan karon baƙi, dunƙule kamar an ɗiga kwalta. Ya jingina da kujera ya ce, “Baba, wa ya ce ka sa lalle? Haske ne yake karanta zanen, baƙin nan ya shanye shi. Kullum sai mun mayar da mata saboda ƙunshi, ga wasu can a benci tun safe suna kuka. Mata muke yi wa gargaɗi. Ban taɓa zaton sai na gaya wa mai buga bulo ba.”

Na ce ya duba da idonsa, ga zanen nan ya fito. Ya ce yana gani, amma ba idonsa ake so ba. Na roƙe shi. Ni da ban iya roƙo ba, na ce masa ranka ya daɗe, yaron da na girme wa nesa. Ya ce sai lallen ya fita, kuma irin wannan mai gishiri yana daɗewa. Ya duba kwamfuta ya ce ranakun kafin azumi duk sun cika da masu umara. Ranar da ya iya ba ni tana bayan sallah.

A bakin famfon ofishin na fara dirje hannun da yashi. A gida na sa lemon tsami, na sa toka, na sa kananzir, na sa ruwan wankin farin kaya. Baƙin bai tafi ba, fatar ce ta tafi. Zanen da na yi makonni ina reno na kankare shi da hannuna.

Washegari na tafi Kabo da niyyar in ci kwalar Alhaji, don har lokacin shi nake zargi, ban dai san ta inda zan kama shi ba. Na ajiye masa hannuna a tebur. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, “Wa ya ƙunsa maka?”

Na ce, “Inna.”

Yanzu ni yake kallo, ba fanka ba. Ya ce, “Hajiyar nan ta jikin gidanku, mai gyaɗa, ai ni na kai ta bara. Ƙunshin tafiya aka yi mata, aka dawo da ita daga ofishin nan, saura kaɗan ta rasa kujerarta. Babu macen da ba ta ji labarin ba a unguwarku.” Sannan ya ce, “Wataƙila tsohuwa ta manta.”

Hajiya mai gyaɗa katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ce ƙawar Inna. Kullum bayan azahar tana tsakar gidanmu, su biyu a tabarma suna ɓarar gyaɗa, kuma Hajiya ba ta da labarin da ya wuce na tafiyarta. Na ji labarin jirgi daga bakinta, na ji na rashin lafiyarta a Mina, na ji na Balarabiyar da ta taka mata ƙafa. Na lallen ne kaɗai ban taɓa ji ba, don maganar ƙunshi ba a yin ta in namiji yana wucewa.

A mota daga Kabo zuwa Gwarzo abu ɗaya ne yake yi mini yawo a ka. Ƙunshin farko ya riga ya haɗe tsagar. Magani ya gama aikinsa tun yana ja. Gishirin na mene ne? Faso bai san ja da baƙi ba.

Na tare Hajiya a ƙofar gidanta. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi jikoki, sannan na ce, “Hajiya, labarin ƙunshinki na bara, kin taɓa ba Inna?”

Ta kalli hannuna, ta kalli fuskata. Ta ce, “Ɗan nan, ni wa na bari ban ba wa ba? Har mai tallan manja na ba.”

Na ce, “Ita fa? Ta ji?”

Ta ce, “Bakina ne nawa. Kunnen nata ne.” Ta gyara lulluɓi za ta shige, sai ta juyo ta ce, “Ɗaya ta tafi Jidda, ubanku ya mutu yana tambayar ƙofa ko ta iso. Kai ba ka nan ne lokacin?”

Ina nan. Ni na riƙe kansa.

Matata na tambaya, ta rantse ta ji an dawo da Hajiya amma ta ɗauka saboda hoto ne, wai an ce ta buɗe kunne ta ƙi. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Ita ma dai ba ta yi kama da wadda aka yi wa asara ba a kwanakin nan, har waƙa na ji tana yi a madafa.

Inna kuwa ban tambaye ta ba. Wanda ba ɗan fari ba zai ce me ya hana. Da wane baki? Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, in tsaya a gabanta in ce kin cuce ni ko ba ki cuce ni ba? Ranar da na dawo daga birni da baƙin hannu ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce wa matata, “A ba shi ruwa, ya sha rana.” Na daɗe ina auna wannan. Wanda bai sani ba ai tambaya yake yi. Amma kuma Inna ba ta taɓa tambayata komai ba tun da aka haife ni, to da me zan auna?

Azumi ya kama. Mijin ƙanwata ya kira a wayar bakin kasuwa ya ce Balarabe ya ɗauki wani mutumin wata ƙasa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar bayan sallah ban je ba, don tun tsakiyar azumi na koma bulo, gida ba zai ci man kaɗanya ba. Dogon saurayin Kabo bai je ko'ina ba shi ma, har yau fetur yake sayarwa a kwalba a bakin titi. Abokin sana'ata da ya riƙe mini hannu a masallaci shi ya ba ni aron cebur da na dawo. 'Yan majalisa sun kira ni amarya har lallen ya bi farce ya fita, wasu ma ba su daina ba.

Waɗanda suka tafi a shekarun nan sun dawo sun yi gidaje, ni na buga musu bulon. Ina ɗora musu a kura ina lissafin ɗakunan da da nawa ne. Wani lokaci in na kalli Inna tana tsintar wake sai zuciyata ta yi baƙi, in ce tsohuwar nan ta san abin da ta yi, ta sayar da tunkiya don a ce ta taimaka, ta ɗaure ni a turken da ta kwance ta. Wani lokaci kuma in ce tsohuwa ce ta ga hannun ɗanta ya tsage ta yi abin da ta ga baffanta yana yi, gishirin kuma hannunta ne ya saba. Duk biyun suna zama daidai. Na gwada su shekara da shekaru, babu wadda ta fi wata nauyi.

Ta yi shekaru bayan haka. Ciwon ajalinta a ɗakin da na gina mata ta yi shi, ni nake ɗaga ta, ni nake kwantar da ita, kunya ta zama ba ta da wurin zama. Ƙanwata a waya take kuka, ana kara wa Inna a kunne. Wata rana da hantsi na shiga da kunu, matata ta fita ɗebo ruwa, babu wanda za a aika da magana, babu faifai, babu ƙwarya. Ta daɗe tana kallon rufi. Sai ta ce, “Kawo hannun in gani.”

Ni ta faɗa wa. Na ajiye kofin na miƙa mata. Ta juya shi, ta bi kan yatsun da babban yatsanta ɗaya bayan ɗaya, yadda ta yi ranar lalle. Sumul suke, siminti ya sake cinye komai. Tambayar tana bakina, na ji ta har a haƙorina. Na ce in ban yi yanzu ba, ba zan ƙara samu ba.

Ta ce, “Ya warke.”

Ta saki hannun ta juya ga bango. Na ɗauki kunun na ce ta daure ta sha kafin ya huce.